Kafin a sayi injin ban ruwa, a buɗe kalkuletar waya

A fadamun Tambuwal da Kebbe, matashi kan tara kuɗi ya sayi injin ban ruwa, ya tayar, ruwa ya zo kamar ana rowarsa, sai ya ɗora wa mai shago laifi. Sau da yawa matsalar ta rashin lissafi ce.

Injiniyoyi na da ƙa'idar cewa yawan ruwan da ke wucewa shi ne girman bakin bututu sau gudun ruwan. Bakin mesa mai inci 3 ya ninka na mai inci 2 fiye da sau biyu. Wanda ya tura ruwa ta doguwar siririyar mesa, fetur ɗinsa na ƙarewa ne wajen gogayya da bangonta.

Ƙa'ida ta biyu ta Daniel Bernoulli ce, wadda ya wallafa a 1738: matsi da gudu da tsayi ƙarfi ɗaya suke rabawa. Matsin iska ne ke turo ruwa sama, shi ya sa injin da ke bakin rijiya ba ya tsotsowa daga zurfin da ya wuce mita 10, a aikace ma 7 ko 8. Idan ruwa ya sauka da bazara, sayen babban inji asara ce. Sai a matsar da shi kusa da ruwan.

Gwajin ba ya cin data. A tara jarka mai lita 20, a danna agogon waya. Idan ta cika cikin daƙiƙa 10, lita 7,200 ke nan a awa. Da wannan adadi ya kamata manomi ya shiga shago.