Kada garwashi ya kwana da mu a ɗaki

Shekara shida ke nan, amma duk sanda ɗari ya shigo sai na tuna da daren. Ina shekara ta biyu a jami'a, mu uku muke haya a ɗaki guda a Yamai. Cikin watan Janairu ne, iska na kaɗawa, an ɗauke kuran tun bayan isha'i. Muka dafa shayi a ƙofar ɗaki har zagaye na uku. Da muka tashi kwanciya sai ɗayanmu ya ce ai asara ce a bar wannan garwashi a waje alhali muna makyarkyata. Muka ƙara gawayi, muka shigo da mangal ɗin ciki, muka ja ƙofa, muka toshe taga da kwali. Ɗaki ya yi ɗumi, har muna yaba wa kanmu dabara.

Wajen ƙarfe uku na farka, kaina kamar ana sara shi da gatari. Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ƙi. Amai ya taso mini. Da rarrafe na kai bakin ƙofa na ture ta. Allah Ya sa Hajiyar gidan ta tashi nafila, ta ji motsi ta leƙo: "Ƴaƴana, lafiya?" Tana hango mangal ta yi salati, ta tada samarin gidan, aka jawo abokaina biyu tsakar gida. Ɗaya ya farfaɗo nan take yana ta amai. Ɗayan kuwa sai a asibiti ya buɗe ido, bayan an sa masa oksijan.

Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne wannan: mu uku duka ƴan jami'a ne, muna iya kwana muna gardama kan tsarin mulki da tattalin arziki, amma ba wanda ya san cewa garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa. Hajiya, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, ita ta sani. Shi ya sa nake wannan rubutu yanzu da sanyi ya kankama, don na tabbata a daren yau akwai ɗakuna da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da za a yi abin da muka yi.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a fili. Idan gawayi ko itace ko fetur na ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira monoksid na karbon, a taƙaice CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Idan aka shaƙe ta sai ta shiga jini ta kama gurbin oksijan, kuma jini ya fi riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijan sau sama da 200. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ne farkon shan wahala. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai ruɗewa da barci mai nauyi. Wanda yake barci tun farko yana iya wucewa bai farka ba.

A nan ne yawancinmu muke ruɗuwa. Mun saba cewa hayaƙi ne matsala, don haka sai mu jira gawayi ya gama hayaƙi, ya yi ja jawur, sannan mu shiga da shi, muna ganin ya zama lafiyayye. Wallahi garwashin nan ja da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har ya mutu. Kuma da yake alamominta sun yi kama da na zazzaɓin sauro ko gurɓataccen abinci, sai a ce masassara ce, wani wurin ma a ce iska ne ya shafi gidan. Ga alamar da za ku riƙe: idan mutane da yawa da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da suka fita waje, to a fara duba abin da aka kunna a ɗakin.

Sanyinmu bai kai na ƙasashen ƙanƙara ba, kowa ya sani. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, dare a kudancin ƙasar nan yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Agadas da Bilma kuwa ya fi haka tsanani. Gidajenmu an gina su ne don zafi. Ɗakin siminti mai rufin kwano da ke gasa mu a watan Afrilu, shi ne ke zama kamar randa da asubahin Janairu. Ga shi kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a Nijar, mu da muke da ita a birni kuma mun san halinta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, mun ga yadda unguwanni suka koma kyandir da tocila da janareto har zuwa farkon 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai nauyi, amma madatsar Kandaji har yanzu jiran ta muke. Ma'ana dai, ɗauke wuta zai ci gaba da zama cikin rayuwarmu na wani lokaci, kuma duk daren da duhu da sanyi suka haɗu, hannunmu wuta yake nema.

Janareto ma haka yake, ko ma ya fi. Injin ƙarami guda yana fitar da wannan guba da yawan da zai cika gida cikin ɗan lokaci. Saboda tsoron ɓarayi, da yawa suna ajiye shi a zaure, ko a kicin, ko a lungun da ke bakin tagar ɗakin yara, ko cikin shago a ja ƙofa. Wurinsa fili ne, nesa da ƙofa da taga da kamar mita shida, bakin hayaƙin yana kallon wani gefen. In sata ake tsoro, a sa masa sarƙa da kwaɗo. Kar a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Fetur ɗin da muke saye a kwalba a bakin titi kuma, kar ya kwana ƙarƙashin gado ko kusa da murhu.

Sai gobara. Lokacin hunturu komai a bushe yake, iska kuma na taya wuta gudu. Ba mu manta da Afrilun 2021 a Yamai da Nuwamban 2021 a Maraɗi ba, inda ajujuwan zana suka kama da wuta, yara ƙanana sama da 40 suka rasu a wuraren biyu. Irin wannan zana ce ke kewaye gidaje da rumfuna da yawa a bayan gari. Kyandir guda da aka manna a gefen gado kusa da gidan sauro ya isa. Haka ma gugar da aka bari a jone, ko abin dafa ruwa da aka tsoma a bokiti aka manta da shi da wuta ta ɗauke: kuran zai dawo ƙarfe biyun dare kowa na barci, abin ya ci gaba da aikinsa. Da zarar an ɗauke wuta, a zagaya a cire duk abin da ke ɗaukar zafi daga soket. Fitila mai caji ko ta sola ta fi kyandir nesa ba kusa ba.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: "Kai ɗan boko, ka hana mu kasko, bargo za ka saya mana?" Tambaya ce ta gaskiya, ba zan kauce mata ba. Tsohuwar da ke da zane biyu da tabarma, mai gadin da ke kwana a ɗan akurkin ɗaki, mai jegon da aka ce dole ta sha ɗumi, ba ganganci ya sa suke kwana da garwashi ba. Rashi ne da sabo. Kakanninmu ma sun yi, sai dai su a ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa suka yi, inda iska ke ratsawa ta ko'ina. Mu mun ɗauko al'adar mun shigo da ita ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe, mun ƙara da toshe taga da leda.

To mene ne abin yi wanda bai fi ƙarfin talaka ba? A ji ɗumin wuta a tsakar gida ko a rumfa, idan an tashi kwanciya a bar ta can, a kashe ta da ƙasa ko ruwa. Kar a dogara da cewa an ɗan buɗe taga, domin iskar da ke shiga ba lalle ta isa ba, kuma wani zai tashi cikin dare ya rufe. Kafin wutar ta mutu a ɗora ruwa, a zuba mai ɗumi a gora ko jarka mai murfi, a naɗe da tsumma a sa cikin shimfiɗa. A shimfiɗa kwali ko buhu ƙarƙashin tabarma, don siminti ne ke zuƙe ɗumin jiki. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe zafi. Hula da safa na gwanjo ba su kai kuɗin katin waya na mako ba. A sha kunu ko koko mai zafi kafin kwanciya. In ba wuta a ɗakin, a toshe duk kafar da ake so.

Jarirai da tsofaffi su sanyi ya fi kamawa. Jariri, musamman bakwaini, ɗumin ƙirjin uwarsa ya fi masa kowane kasko: fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Wankan sassafe da hunturu a jinkirta shi sai rana ta fito. Yaro mai rarrafe kuma, ba a barin sa shi kaɗai da murhu ko tukunyar ruwan zafi ko da na minti ɗaya ne.

In abin ya riga ya faru, ga tsari. A buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa fili, a tafi asibiti ko da mutum ya ce ya ji sauƙi, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya cewa da garwashi ko janareto aka kwana, don su san oksijan ake buƙata. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Mai ciki ta je ko da ba ta jin komai, domin abin da ke cikinta ya fi ta saurin cutuwa. Idan ƙuna ce, a zuba ruwa mai sanyi na kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da gishiri ko man girki. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ku sa ta a waya yanzu.

Akwai maganar da nake so mu yi a tsakaninmu. Duk sanda aka wayi gari aka tarar da iyali a ɗaki ba rai, sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu yi ta'aziyya mu watse. Na yarda da ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya koya mana a kashe wuta kafin a kwanta barci. Idan muka tsaya a "haka Allah Ya so" ba mu faɗi musabbabin ba, maƙwabcin mamacin zai shiga da nasa kaskon a daren sadakar uku.

Hukuma ma tana da nata kason. Muna jin sanarwar sanƙarau da ta zazzaɓin sauro a rediyo idan lokacinsu ya zo. Me zai hana daga watan Nuwamba a riƙa sanarwar garwashi da janareto da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci? Ma'aikatun magajin gari su haɗa kai da masu unguwa da limamai, huɗubar Juma'a guda ɗaya za ta kai inda rubutuna ba zai kai ba. Kamfanin wuta ya riƙa sanar da jadawalin yankewa tun da wuri, don mutum ya caja fitilarsa ya shirya. Asibitoci su riƙa rubuta irin wannan mutuwa da sunanta, don mu san girman abin. Iskar gas da matatar SORAZ ke fitarwa a Damagaram tun 2011 ta wadata a farashin da talaka zai iya, a rage dogaro da gawayi a cikin gidaje.

Amma kafin su motsa, mu muna da abin da ya fi rediyo kusa da mutane, wato fada. Ba unguwar da ba ta da ita, kuma kowace fada da mangal a tsakiyarta. Ga roƙona gare ku. Yau da dare, in an sha zagaye na uku, wani ya tashi ya kashe garwashin a gaban kowa, ya faɗi dalili. Gobe kowa ya leƙa ɗakin tsohuwarsa, da na mai gadin layinsu, da makarantar allon da ke kusa, ya ga da me suke kwana. Kuɗin shayi da sukari na mako guda, in an tara, zai sayi bargo ko biyu a gwanjo.

Abokina da ya farfaɗo a asibiti yanzu malamin makaranta ne, yana da ƴa ɗaya. Duk shekara in sanyi ya fara, shi ke fara turo mini saƙo: "Malam, ka fitar da mangal?" Ni ma yau ita nake tura muku. Ku tura wa na gaba.