Sharhi: Tantance adireshin abokan ciniki ta intanet, amfaninsa da haɗarin da ke tattare da shi

A watan Afrilun 2024, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya dakatar da wasu manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi ta wayar salula, da suka haɗa da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint, daga yi wa sababbin abokan hulɗa rajista. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Yuni, bayan kamfanonin sun amince su tsaurara yadda suke tantance masu buɗe asusu, ciki har da tabbatar da inda suke zaune.

Wannan mataki ya fito da wata tsohuwar matsala fili. Lambar BVN da aka ƙaddamar a shekarar 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, sun taimaka ƙwarai wajen sanin ko wane ne mutum. Amma sanin inda mutum yake kwana har yanzu yana yi wa bankuna da kamfanonin inshora da masu kai kaya gida wahala, domin miliyoyin 'yan Najeriya suna zaune ne a gidajen da ba su da lamba, a kan layukan da ba su da suna.

A wannan giɓi ne wata sabuwar sana'a ta samu gindin zama. Kamfanonin fasaha irin su OkHi da VerifyMe da Youverify suna sayar wa 'yan kasuwa hidimar tantance adireshi, kuma ana adana bayanan abokan ciniki a manyan rumbunan kwamfuta da ake shiga ta intanet, waɗanda masana ke yi wa laƙabi da gajimare. Ya kamata mai kasuwa da abokin cinikinsa duka su san yadda tsarin yake aiki, da abin da doka ta tanada a kansa.

Ƙasar da kwatance ya fi adireshi ƙarfi

A mafi yawan garuruwanmu, da kwatance ake samun gida: bayan masallacin Juma'a, daura da tsohon gidan mai, gida na uku mai jan ƙyaure. Kwatance yana yi wa ɗan unguwa da ɗan acaɓa aiki, amma kwamfuta ba ta gane shi. Ga kuma maimaituwar sunaye. Akwai Tudun Wada a Kaduna da Zariya da Kano da Jos da Gusau, akwai Sabon Gari a garuruwa da dama, kuma suna ɗaya yakan zo da rubutu iri biyu ko uku a takardun mutum guda.

Hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, tana da tsarin lambobin yanki masu alƙaluma shida, kamar 100001 na Ikeja da 700001 na Kano da 900001 na Garki a Abuja. Sai dai lambar yanki ce mai faɗi, ba ta nuna gida, kuma 'yan ƙasa ƙalilan ne suka san tasu. A shekarar 2017 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin what3words, wanda ya rarraba doron ƙasa zuwa murabba'ai masu mita uku-uku, amma tsarin bai shiga cikin al'adar jama'a ba. A wannan shekarar ce Ghana ta ƙaddamar da nata tsarin mai suna GhanaPostGPS, wanda ya ba kowane fili mai mita biyar-biyar lambarsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora alhakin sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba a kan ƙananan hukumomi. Ke nan tushen adireshin ƙasar nan yana hannun ƙananan hukumomi 774, waɗanda akasarinsu ba su taɓa ɗaukar wannan aiki da muhimmanci ba, sai dai idan za a karrama wani babban mutum da sunan titi.

Shi ya sa bankuna suka daɗe suna dogara da takardar kuɗin wutar lantarki a matsayin shaidar mazauni. Ita kuwa wannan takarda sau da yawa sunan mai gida ne a kanta, ɗan haya ba ya ciki, kuma ba ta da wuyar ƙirƙira ga wanda ya yi niyyar zamba.

Yadda sabon tsarin yake aiki

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. A ta farko, abokin ciniki yana ba manhajar da ke wayarsa izinin sanin inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, ya sanya alama a kan taswira, ya ɗauki hoton ƙofar gidansa. Daga nan manhajar takan riƙa duba inda wayar take lokaci zuwa lokaci na wasu kwanaki, don a ga ko da gaske a can mai ita yake zama. A ta biyu, kamfanin yana tura wakili ya je gidan, ya ɗauki hoto mai ɗauke da lokaci da lambobin wurin, ya tura rahoto nan take.

Bayanan da aka tattara ana haɗa su da sunan mutum da lambar wayarsa da BVN ko NIN, a ajiye su a rumbun kamfanin da ke ba da hidimar. Banki ko kantin intanet ba ya buƙatar sayen manyan na'urori ko ɗaukar injiniyoyi masu yawa. Yana biyan kuɗin kowane tantancewa ne ko kuma kuɗin wata, manhajar kuma ta daidaita masa rubutun sunayen unguwanni, ta haɗe bayanan mutumin da aka yi wa rajista sau biyu, ta nuna adireshin da ya tsufa.

Amfanin wannan a bayyane yake. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke aika kaya Legas ko Fatakwal ya san asarar da ake yi idan mai kai kaya ya yini yana neman gida ya dawo da su. Mai ba da rance ya fi sakin jiki da wanda ya san mazauninsa. Tsarin asusu mai hawa uku da CBN ya fito da shi a 2013 ya sa sai an tabbatar da adireshin mutum kafin ya kai hawa na ƙarshe, inda zai iya juya kuɗi masu yawa, don haka tantancewa mai sauƙi tana buɗe wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofa.

Akwai kuma ɓangaren tsaro da martabar ƙasa. A watan Fabrairun 2023, hukumar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram a duniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido na musamman, kuma ba a cire ta ba sai a watan Oktoban 2025. Sanin abokin hulɗa yana cikin ginshiƙan ƙa'idojin wannan hukuma. Asusun da ba a san mazaunin mai shi ba shi ne ya fi sauƙin amfani wajen karɓar kuɗin damfara ko na fansa.

Waɗanda tsarin zai iya bari a baya

Haɗari na farko shi ne na wariya. Manhajar da ke bin sawun waya tana buƙatar babbar waya da caji da data. Wanda ke riƙe da ƙaramar waya, ko matar da ke aron wayar mijinta, ba su shiga lissafi ba. Haka nan tsarin ya ɗauka cewa kowa yana da ɗaki ɗaya da yake kwana kullum.

Ɗan ci-rani da ke aiki a kasuwar Mile 12 ko Agege a Legas, ko a Sabo ta Ibadan, wanda ke kwana a shago tare da 'yan garinsu, yana komawa gida da damina, wane adireshi zai bayar? Haka makiyayi, da direban babbar mota, da dubban iyalan da rikici ya raba da garuruwansu a Borno da Zamfara da Binuwai. Binciken da ƙungiyar EFInA ta fitar na shekarar 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Idan aka tsaurara sharaɗin adireshi ba tare da wata mafita ba, waɗannan mutane ne za a ƙara nesantawa da banki.

Sirrin mutum a hannun wasu

Haɗari na biyu ya fi na farko girma. Rumbun da ya haɗa sunan mutum da lambar asusunsa da hoton ƙofar gidansa da lokutan da yake gida, taska ce ga ɓarawo da mai garkuwa da mutane idan ta faɗa hannunsu. Mutum yana iya sauya lambar sirri cikin minti ɗaya, amma sauya gida ba ƙaramin aiki ba ne.

Wannan fargaba tana da dalili. A shekarar 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, ciki har da na NIN da BVN, a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba. Kafin nan, jama'a sun ga yadda wasu manhajojin ba da rance suke kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi, su riƙa aika wa 'yan'uwansa saƙonnin tozarci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fito da ƙa'idojin yi musu rajista a 2022. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar takan fito ne daga cikin gida: ma'aikacin da aka ba izinin ganin abin da bai shafe shi ba, ko wakilin da ya bar hotunan gidajen mutane a wayarsa.

Haɗari na uku shi ne na dogaro da waje. Manyan masu ba da hayar rumbun intanet, irin su Amazon da Microsoft da Google, manyan cibiyoyinsu na nahiyar nan suna Afirka ta Kudu ne, wasu kuma a Turai da Amurka. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk hidimar da ake lissafawa da dala ta yi tsada matuƙa. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta tsayar da ayyukan bankuna da dama a ƙasar nan. Akwai cibiyoyin ajiya na cikin gida, kamar Rack Centre a Ikeja, da na MainOne a Lekki wanda kamfanin Equinix ya saya a 2022, da na Galaxy Backbone mallakar Gwamnatin Tarayya, kuma ya dace 'yan kasuwa su sa su cikin lissafi.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da saƙonninsa. A watan Yunin 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji.

Dokar ta wajabta wa duk mai tattara bayanan jama'a ya kasance yana da hujjar yin haka, ya bayyana dalilinsa, ya taƙaita ga abin da yake buƙata, kuma kada ya riƙe bayanan fiye da lokacin da ya kamata. Ɗan ƙasa yana da ikon neman a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a gyara kuskure, ko a goge inda doka ta yarda, kuma yana iya janye amincewarsa. Idan aka kutsa cikin rumbu ta yadda zai iya cutar da mutane, dole a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Fitar da bayanai zuwa wata ƙasa ma yana da sharuɗɗa.

Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari. Hukumar ta fara nuna ƙarfinta: a watan Agustan 2024 ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, kodayake bankin ya musanta cewa ya karya doka.

Muhimmin darasi ga ɗan kasuwa a nan shi ne, miƙa bayanan abokan ciniki ga wani kamfani ya ajiye ba ya sauke masa nauyi. Shi ya karɓi amanar, kuma shi za a fara tambaya.

Abin da ya rage a yi

Kafin mai kasuwa ya sa hannu a yarjejeniya, ya kamata ya tambayi a wace ƙasa za a ajiye bayanan, su wa ke da ikon ganinsu, yaushe za a goge su, kuma ta yaya zai karɓe su idan ya so sauya kamfani. Ya kamata bin sawun waya ya tsaya da zarar an gama tantancewa, a kuma yi wa abokin ciniki bayani da harshen da yake ji, domin amincewar da aka samu da dogon rubutun Turanci da mutum bai karanta ba, amincewa ce ta fatar baki.

CBN da bankuna suna iya buɗe hanya ta biyu ga wanda ba shi da tsayayyen gida, kamar amincewa da adireshin rumfar kasuwa ko tasha, tare da shaidar mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, waɗanda tun asali su ne suka san kowa a wurin. Shi ma ɗan ƙasa ya riƙa duba izinin da ya ba manhajojin wayarsa, ya kashe wanda ya gama aikinsa.

Babban aikin dai yana kan ƙananan hukumomi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Sanya wa layuka suna da yi wa gidaje lamba, tare da haɗa su da kundin NIPOST, aiki ne da bai kai gina titi tsada ba, kuma motar asibiti da ta kashe gobara da masu ƙidayar jama'a duk za su amfana da shi. Muddin ba a yi shi ba, kowane banki da kowane kamfani zai ci gaba da gina nasa kundin adireshi a ɓoye, kuma bayanan gidan mutum ɗaya za su ci gaba da warwatsuwa a rumbuna masu yawa da bai san adadinsu ba.