Injin faskare mai baki huɗu da icen da ba a nuna mana



Da yawanmu mun ci karo da irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok: Bature a bayan gidansa a Amurka ko Kanada, ya ɗora gungumen ice a kan inji, ya ja hannun ƙarfe, kafin ka ƙifta ido icen ya rabe gida huɗu. Sai ka ga ana tafka sharhi a ƙasa, wai zamanin gatari ya wuce. Mu dai muna ganin an yi gaggawar yanke hukunci, kuma marubuci ne ya fi kowa cancantar ya tsaya ya duba.

Injin yana aiki ne da ƙarfin haidirolik, irin wanda ke ɗaga bayan tifa. Wani sandan ƙarfe ne ke tura gungumen a hankali zuwa kan baki mai kaifi, da ƙarfin da kan kai tan 20 zuwa 35 a injinan da aka fi amfani da su a gidaje. Bakin asali guda ɗaya ne, yana raba ice biyu. Mai tsaga huɗun ƙari ne da ake zura masa, siffarsa kamar alamar tarawa a lissafi, wato kaifi ɗaya a tsaye, fukafukai biyu a kwance. Gungumen da zai buƙaci turi uku, sau ɗaya ya ishe shi. Ga mutumin da zai tara icen ɗumama gida na watannin sanyi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, ba mu musa ba.

Amma ku sake kallon icen da ake ɗorawa a bidiyon. Miƙaƙƙe ne, ba gaɓa, ba ƙulli, kaurinsa kusan ɗaya, an yanka shi daidai da zarto. An zaɓe shi ne. Baki huɗu na neman ƙarfi fiye da baki ɗaya, domin kaifin da ke shiga icen ya ƙaru. Shi ya sa masu ƙira na kirki suke jan fukafukan baya kaɗan, don icen ya fara tsagewa biyu kafin su kama shi. Idan tsakiyar gungumen ba ta dace da tsayin fukafukan ba, sai a samu manyan ɓari biyu a sama da 'yan siraran tsiraru a ƙasa. Idan kuwa aka ɗora mai ƙulli ko mai reshe biyu, inji ya tsaya yana gurnani, ice ya maƙale a ƙarƙashin fiffike, sai an koma ga guduma. Wani lokaci fiffiken ma lanƙwashewa yake. Masu injin da kansu cire wannan baki suke idan sun zo kan irin wannan ice, su mayar da guda ɗayan. Wannan ɓangaren ne ba a ɗauka a waya.

To yanzu mu leƙa wurin mai sayar da ice a Kano ko Maraɗi. Me ke jibge? Marke, ƙirya, darbejiya, reshe a karkace, kututture mai saiwa, sara da gatari ba yankan zarto ba. Ƙirya fa, saboda taurinta ake sassaƙa turmi da ita. Mai faskare yakan juya gungume sau biyu ko uku kafin ya ɗaga gatari, yana neman inda ice ya riga ya fara tsagewa, yana kauce wa ƙulli. Wannan karatu ne, kuma bakin ƙarfe ba ya yin sa. (Ba mu ma taɓo kuɗin fetur ba, balle tambayar ko saurin faskare ne matsalar yankin da bishiyarsa ke ƙarewa.)

Abin da ya fi damunmu shi ne, a labaranmu mai faskare ba ya wuce layi ɗaya: "wani talaka mai faskare." Ba mu san yadda yake sa wa gatari ƙota ba, ba mu san icen da yake tsoro ba, ba mu san ko ɗanye ya fi masa sauƙi ko busasshe ba. A Norway, Lars Mytting ya fitar da littafi sukutum a 2011 kan saran ice da faskare da jera shi da busar da shi, ya zama cikin littattafan da aka fi saye a ƙasar. A 2013 gidan talabijin na NRK ya yi shirin awa 12 kan icen wuta, masu kallo har da gardama kan ko ɓawo sama zai kalla ko ƙasa idan ana jeri. Mu kuma miliyoyin gidajenmu da ice suke girki, amma mun bar masu sana'ar ba suna, ba murya.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya je wurin mai faskaren unguwarsu, ya gaishe shi, ya tambaye shi wane ice ne ya fi ba shi wahala da dalili. A rubuto amsarsa da kalmominsa, kar a gyara masa Hausa, a kawo nan kafin Juma'a.