Haƙƙin Ɗan Haya a Wuyan Mai Gida

A wannan fitowar za mu tsaya a ƙofar gida, domin da yawa daga cikinmu a nan Marjandafak mun fasa katangar gida mun fitar da shago ɗaya ko biyu a bakin titi, muna karɓar haya. Wannan halal ne, babu mai musu. Tambayarmu ita ce, yaya muke zaune da wanda ke cikin shagon?

Kakanninmu da suka sauka a Fort-Lamy, tun kafin a sake wa birnin suna Njamena a 1973, wasu a kan hanyar Makka, wasu da fatauci, sun san wani mutum da ake kira fatoma. Shi ne mai masaukin fatake. Yakan ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da kaya bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Haka aka yi cinikin goro da na shanu a zangon Kumasi da Sabon Ibadan. Fatoma ya san cewa in baƙonsa ya karye, gidansa ne ya yi asara.

Yau kuwa abin da muke gani ya bambanta. Yaro zai kama shago babu kowa, ya gyara ƙofa, ya sa kanta, ya yi shekara biyu yana haƙuri har mutane su saba da shi. Da zarar ciniki ya buɗe, sai mai gida ya ninka haya, ko ya ce wani ya taya fiye da haka. Alhali kayan da yaron nan ke sayarwa sun sha hanya tun daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, suka biyo ta Kuseri da gadar Ngeli, kowane zango da kuɗinsa, ribar da ta rage masa kaɗan ce.

Mu tuna kuma cewa wannan shagon shi ke rufa wa gidajenmu asiri. Shi ke ba uwargida sukari da sabulu da man girki bashi har ƙarshen wata. Babbar kasuwa ba ta san mu ba, ba za ta ɗaga mana ƙafa ba. Ranar da aka rufe shagon, maƙwabta ne za su fara ji a jikinsu.

Malamanmu na Malikiyya sun shardanta cewa a san kuɗin haya da tsawon wa'adinta tun farko. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi, ta 280 kuma ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Cadi ke aiki da ita, aka kuma sabunta ta a 2010, ta ba wanda ya shekara biyu yana sana'a a shago bisa sharaɗi haƙƙin a sabunta masa haya. Idan ba a yanka wa'adi ba, sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, kuma in an ƙi sabuntawa ba da hujja ba, yana da diyya.

Saboda haka muna kira ga masu gidaje da su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, su bar neman hayar shekara guda a dunƙule daga mai ƙaramin jari, su gyara rufi kafin damina, su yi sassauci idan ambaliya irin ta 2022 da 2024 ta tsayar da ciniki. 'Yan haya kuma su biya a kan lokaci, in da matsala su faɗa da wuri. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.