Jan Ƙafa Ya Fi Rabuwa Ciwo

 Yau sharhin namu zai ƙetare teku zuwa Amurka, filin besbol, wasan nan da wani ke jefo ƙwallo wani ya maka mata kulki ya sheƙa da gudu. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da shi. A ɗan yi mini haƙuri. Gardamar da suke tafkawa a can duk shekara, ku ma kuna yin irinta a majalisa kan ƙwallon Turai. Ƙungiya tana da gwarzon ɗan wasa, kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, a tsawaita masa ne, ko a rabu da shi tun yana da tsada? Wasu su ce a biya shi ko nawa ne, wasu su ce a sallame shi a kawo matasa. Ni duk wanda aka zaɓa cikin biyun ba zan ɗaga murya ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na ukun da ba a faɗa, wato jan ƙafa.

Ku ji yadda dokarsu take, don ku ga ba wanda ke da uzuri. Yaro in ya shigo babbar gasa, ƙungiyarsa ce ke da iko da shi har shekara shida. Ukun farko mafi ƙarancin albashi yake karɓa ko kusa da shi, wanda a 2025 ya kai dala dubu 760. Ukun ƙarshe kuwa, in an kasa daidaitawa, a je gaban masu sasanci su yanke. Daga nan ya zama ɗan kansa, duk wanda ya fi tayawa shi zai ɗauka. Sannan su ba kasafai suke sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar Turai ba. Musaya ake yi, ka ba da gwarzo ɗaya ka karɓi matasa uku ko biyar, kuma ƙofar musayar tsakiyar kaka tana rufewa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Kun ga ke nan tun ranar da yaro ya sa rigar ƙungiya, mai ƙungiya ya san shekarar da zai iya tafiya. Shekara shida aka ba shi ya yi tunani. Shekara shida! Amma sai ka ga an zauna an naɗe hannu, ana jiran gawon shanu, sai saura wata biyu a fara zufa.

Mu fara da Shohei Ohtani, ɗan Japan, wanda ya zo ƙungiyar Los Angeles Angels a 2018. A wannan wasa mai jifa daban, mai duka daban, kowa da sana'arsa. Shi wannan bawan Allah ya haɗa biyun, ya kuma ƙware a kowanne, abin da aka yi kusan shekara ɗari ba a gani ba tun zamanin Babe Ruth. Sau biyu ya zama gwarzon ɗan wasa yana wannan ƙungiya, a 2021 da 2023. Amma cikin kaka shida da ya yi, ko sau ɗaya ƙungiyar ba ta kai zagayen Oktoba ba, inda ake neman kofi. Ko sau ɗaya wasannin da ta ci ba su fi waɗanda ta rasa yawa ba. Da Yulin 2023 ya zo, saura wata biyu kwantiragi ya ƙare, duk duniyar besbol ta zuba ido. Ba a tsawaita ba. Ba a yi musaya ba. Aka ma ba da matasan gida aka ɗauko wasu 'yan wasa don a yi yunƙurin ƙarshe. Agusta bai ƙare ba jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, ƙungiyar ta gama kaka da cin wasa 73, ta rasa 89. A Disamba ya ɗauki jakarsa ya koma ƙungiyar Dodgers, tafiyar kimanin kilomita 50 kacal, kan dala miliyan 700 na shekara 10. Me tsohuwar ƙungiyar ta samu? Damar zaɓen matashi guda ɗaya a shekara mai zuwa, diyyar da doka ta tanada. Guda ɗaya. Shi kuwa ya ɗaga kofi a 2024, ya sake ɗagawa a 2025. Wannan shi ake kira biyu babu, kuma jan ƙafa ne ya haife shi.

Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya san wannan karatu. Ko ka ƙudurta tun farko cewa naka ne, ko ka kai shi kara tun ana rububi. Wanda ya tsaya yana a'a sai gobe, a'a sai jibi, har aka sauko daga idi, ya san farashin da dillali zai yi masa.

To me ke sa mai ƙungiya jan ƙafa? Tsoro ne, kuma tsoro biyu. Yana tsoron ya sa hannu a takardar miliyan ɗari uku, yana kuma tsoron magoya baya su ce shi ne ya sayar da gwarzonsu. Sai ya zaɓi hanyar da ba za a kama shi da komai ba a yau. Ya ce ana tattaunawa. Ya ce ƙofa a buɗe take. Ya ce muna ƙaunarsa, shi ma yana ƙaunar garin nan. Ana haka ana sayar da tikiti, ana sayar da riga mai sunan yaron, lokaci yana tafiya. Ranar da yaron ya tafi sai a fito da fuskar tausayi a ce mun yi iya ƙoƙarinmu, shi ne ya bi kuɗi. Ka ji fa! Wai shi ne ya bi kuɗi. Shi mai ƙungiyar kuwa sadaka ya zo yi.

Ku duba Mookie Betts. A 2018 shi ne gwarzon ɗan wasa, kuma a shekarar Boston Red Sox ta ci kofi da shi. Aka kai Fabrairun 2020, saura masa kaka ɗaya, aka miƙa shi ga Dodgers aka karɓi 'yan wasa uku. Wata biyar bayan haka sabuwar ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara 12 kan dala miliyan 365, a kakar nan kuma suka ci kofi. Biyu cikin ukun da aka karɓa, kafin shekara huɗu sun bar Boston, ƙungiyar kuma ta ƙare a ƙasan rukuninta a 2020 da 2022 da 2023. Mutane suna cewa musayar ce ta yi muni. Ni ina cewa lokacin musayar ne. Wa zai ba ka matasansa na ƙwarai a kan mutumin da zai iya tafiya bayan kaka ɗaya?

Ga shaida. Juan Soto, ɗan Jamhuriyar Dominika, ya ci kofi da Washington Nationals a 2019. A 2022 suka taya shi dala miliyan 440 na shekara 15, ya ce albarka. Ba su tsaya lallashi ba. A farkon Agustan shekarar suka miƙa shi San Diego yana ɗan shekara 23, da sauran kaka biyu da rabi a gabansa. Saboda wannan kaka biyu da rabin suka kwaso matasa na ƙwarai, cikinsu har da James Wood da CJ Abrams da MacKenzie Gore, waɗanda duk ukunsu daga baya aka zaɓe su cikin taurarin gasar. Magoya baya sun yi kuka, ba shakka. Amma ba su tashi a tutar babu ba. Shi kuwa Soto ya nuna ya san abin da yake yi, don a Disamban 2024 New York Mets ta ba shi miliyan 765. Kowa ya samu nasa, saboda an yanke shawara da wuri.

Ta ɓangaren tsawaitawa ma haka ne. Atlanta ta zaunar da Ronald Acuña a Afrilun 2019, yana ɗan shekara 21, kaka ɗaya kawai ya buga, ta ba shi dala miliyan 100 na shekara 8. A 2023 ya zama gwarzon ɗan wasa. Akwai masu cewa an saye shi da arha, an ci da guminsa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Amma sau biyu jijiyar gwiwarsa ta tsinke, a 2021 da 2024, kuɗinsa kuma bai taɓu ba, don a wannan wasa abin da aka sa wa hannu sai an biya shi. Yaro ya samu kwanciyar hankali, ƙungiya ta samu ƙuruciyarsa.

Na san abin da mai jan ƙafa zai ce. Zai ce ai dogon kwantiragi kasada ce, ku duba Albert Pujols, da aka ba shi miliyan 240 na shekara 10 a ƙarshen 2011, ƙarfinsa ya yi ta raguwa har aka sallame shi a 2021 kafin wa'adin ya cika. Gaskiya ne. To amma shekarunsa nawa lokacin da aka sa hannu? Yana dab da cika 32. Wannan ai hujjata ce ka ara. In ka biya yaro yana 22, ƙuruciyarsa ka saya. In ka jira sai ya haura 30, tsufansa kake saye, da tsada kuma.

Tunda an zo maganar biyan tsufa, ku bar ni in ɗan ratse, don akwai abin da ke ba ni mamaki da mutanen nan. Wannan miliyan 700 ta Ohtani, ba a hannu ake ba shi ba. Miliyan biyu kacal yake karɓa a shekara. Sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi. Kuma ba a kansa aka fara ba. Akwai wani Bobby Bonilla, wanda ƙungiyar Mets ta sallama a 2000 yana bin ta dala miliyan 5.9. Maimakon a biya shi a rabu lafiya, aka yi yarjejeniya a ɗage biyan, da kuɗin ruwa kashi 8 cikin 100. Tun 2011, duk ranar 1 ga Yuli sai an tura masa kusan dala miliyan 1.2, kuma haka za a yi ta yi har 2035, lokacin yana ɗan shekara 72. Mutumin da rabonsa da fili tun 2001! Har 'yan jarida sun mayar da ranar ta raha, duk shekara sai sun tuna. Ni dai ina tuna tsofaffinmu da suka yi aikin shekara 35, suna yawo da fayil a hammata daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce musu a dawo mako mai zuwa. Can bashin da aka ɗage yana zuwa ranar da aka ce, har da ƙari. Nan kuwa haƙƙin da lokacinsa ya yi ma sai an haɗa da addu'a. Allah ya kyauta. Mu koma fili.

Ko inda aka yi nasarar riƙe gwarzo, jan ƙafa sai ya karɓi harajinsa. Vladimir Guerrero ƙarami ya girma a hannun Toronto Blue Jays ta ƙasar Kanada, tun yana ɗan shekara 16 suka ɗauke shi. Ba a daidaita ba sai Afrilun 2025, kakarsa ta ƙarshe ta riga ta fara, aka ba shi dala miliyan 500 na shekara 14. Ya kuwa biya, don a shekarar ya kai su wasan ƙarshe na cin kofi, wato World Series, karon farko tun 1993, sai a wasa na bakwai Dodgers ta ƙwace. Madalla. Amma ku lura, wata huɗu kafin nan Soto ya ɗaga farashin kasuwa zuwa miliyan 765. Duk wani gwarzo da wakilinsa sun ga wannan lamba. Da an zauna da yaron shekara uku kafin nan, da wata kasuwar aka ci.

Ku masu kallon ƙwallon Turai ba sai na ja ku da nisa ba. Kun ga yadda Mbappé ya bar Paris a 2024 ya tafi Real Madrid ko sisi ba a biya ƙungiyarsa ba. Ciwo ɗaya ne.

Wanda nake tausayi cikin wannan duka shi ne mai goyon baya. Uba ya ɗauki ɗansa ya kai shi fili, ya saya masa riga da sunan gwarzo a gadon baya, yaro ya kwana da ita a jikinsa. Wasa 162 ake bugawa a kaka, kusan kullum ana fili, daga ƙarshen Maris har Satumba, mutumin nan yana bi. Shi ba a taɓa kiransa taro ba. In za a rabu, a faɗa masa gaskiya da wuri, a nuna masa matasan da aka samo, zai yi fushi ya huce. Amma a yi ta yi masa romon baka shekara biyu, ranar ƙarshe ya ga gwarzon a talabijin sanye da rigar maƙwabta, wannan cin amana ne, ko da doka ba ta kira shi haka ba.

Saboda haka kirana ga masu ƙungiyoyi gajere ne. Yaro in ya cika shekara uku a hannunka, ka riga ka san ko wane ne shi. Ka zaunar da shi ka yi tayi na gaskiya, tayin da kai kanka ba za ka ji kunyar a karanta a rediyo ba. In ya karɓa, alhamdulillahi. In ya ƙi, kada ka bari Yulin gaba ya wuce, ka kira masu matasa.

Ga ma gwaji nan tafe. A Pittsburgh akwai mai jifa Paul Skenes, wanda ya fara wasa a Mayun 2024, ya zama gwarzon sababbin shiga a shekarar, a 2025 kuma ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa. Bisa lissafin shekara shida, sai bayan kakar 2029 zai zama ɗan kansa. Ƙungiyar ba ta cikin masu kashe kuɗi da yawa, ta kuma taɓa rabuwa da wani gwanin mai jifa, Gerrit Cole, a Janairun 2018. Zan so a riƙe yaron, don rabon ƙungiyar da kofi tun 1979. In kuwa aljihu ba zai ɗauka ba, to 2027 ce shekarar magana, 2029 ta makara.