Biya wa Ɗan'uwanka Karatu, Kada Ka Ba Shi Aron Amsa

Akwai wata magana da na ke so in kawo gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, tun da ya ke yawancinmu nan gaba kaɗan za a rarraba mu makarantun sakandare a ce mu koyar. Maganar kuwa ita ce ta taimakon da yara su ke yi wa junansu wajen koyon ilmin halittu masu rai, watau abin da a ke kira bayoloji. Waɗansu malamai suna ƙin abin nan ƙwarai, suna cewa ƙofar satar amsa ce. Waɗansu kuwa sun sakar wa yara, ba su ko tambayar abin da a ke yi. Ni a ganina duka biyu ba su kyauta ba. Taimakon nan lalle ne a yi shi, sai dai iri biyu ne, ɗaya magani ɗaya guba, aikin malami ne kuwa ya rarrabe tsakaninsu.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ya zama lalle, musamman a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ba wanda ya manta abin da ya auku a Jangebe ran 26 ga watan Fabrairu, 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata da dare suka tafi da ɗalibai. Allah ya yi gyaɗar dogo, ran 2 ga Maris aka sako yara 279. Gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun kwana a lokacin. Ba a gama jimamin wannan ba, sai ran 1 ga Satumba na shekarar aka sake kwashe yara daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya, cikin ƙasar Maradun, aka kuma rufe makarantu. To, ilmin halittu kamar ginin tubali ya ke, kowane sahu bisa na ƙasa ya ke zaune. Yarinyar da ba ta ji darasin ƙwayar halitta ba, yaya za ta gane na jini, balle na gado? Malami ɗaya ne, aji kuwa cike, lokacin darasi minti arba'in. Ba shi da ikon ya koma baya domin kowane yaro ya cike masa gurbinsa. In ba 'yar ajinsu ta zauna da ita bayan la'asar ba, wa zai zauna?

Abin da za a rasa kuwa ba ƙarami ba ne. Makarantar koyon jinya da ta ungozoma da ta likita duk ba su karɓar yaro sai ya ci bayoloji da kyau a jarrabawar WAEC ko ta NECO, tare da Turanci da lissafi da sauran darussan kimiyya. Mu ne kuwa kullum mu ke kuka, matanmu ba su samun mace 'yar'uwarsu da za ta duba su a asibiti. Duk yarinyar da ta faɗi darasin nan don rashin mai yi mata bayani, wata ungozoma ce ƙauyenta ya rasa.

Kada kuma wani ya ce baƙon abu za mu kawo. A makarantar allo, tun kaka da kakanni, gardi ne ya ke biya wa titibiri, titibiri ya biya wa kolo, malam yana zaune yana saurare, in an yi kure ya gyara. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da wannan dabara ta kai karatu ƙauyuka. Ta kan koya wa jajis, su kuma su koma su koya wa matan garinsu, su ne a ke kira 'Yan Taru. Turawa ma sun taɓa gwada irin wannan. Wani mai suna Andrew Bell ya jarraba a Madras ta ƙasar Hindu, Joseph Lancaster kuma ya buɗe makarantarsa a Landan a 1798, inda manyan yara su ke koyar da ƙanana. Abin ya bazu ƙwarai, daga baya ya mutu. Cikin dalilan mutuwarsa har da cewa yaran suna miƙa wa juna hadda ne kurum, mai bayarwa bai gane ba, mai karɓa bai gane ba. Nan fa darasinmu ya ke.

Taimakon da na kira guba shi ne wannan. An ba da aikin gida, a zana zuciya a sa sunayen sassanta. Mai ƙoƙarin aji ya zana, sauran su karɓi littafinsa su kwafa, har in ya yi kure wajen rubuta wata kalma, kuren nan sai ka gan shi cikin littafi talatin. Mai bayarwa yana jin ya yi zumunci, mai karɓa yana godiya. Alhali kuwa zanen aro ba ya rufe katara. A jarrabawar bayoloji akwai takardar gwaji, inda a kan ajiye wa yaro ganye, ko ƙashi, ko ƙwaro, a ce ya duba ya zana, ya faɗi aikin kowane sashe. Ranar nan ba aboki, ba littafi. Ko da ma ya tsallake da dabara, gobe ga mai naƙuda kwance gabansa, wa zai kwafa?

Taimakon da na kira magani kuwa yana da alamu uku, kowane malami yana iya gane su.

Alama ta fari, mai bayani yana iya faɗin abin da Hausa. Ba na cewa a bar Turanci, gama da shi za a rubuta jarrabawa. Amma yaron da ya haddace ma'anar osmosis da Turanci, ka ce ya gaya wa ƙanensa ya yi shiru, bai sani ba tukuna. Wanda ya sani zai ce, "Ka ga in an yanka gurji an barbaɗa gishiri, ruwa ya kan tsattsafo? Ka ga in an jiƙa wake ya kan kumbura? To, ruwa ne ya ke ratsa siririn bangon ƙwayar halitta, daga wajen da gishiri ko sukari ya yi kaɗan zuwa wajen da ya yi yawa." Sa'an nan ya kawo kalmar Turanci ya ɗora. Yaro ya fi sakin jiki ya ce wa tsaransa bai gane ba, sau uku ma, abin da kunya ba ta barinsa ya faɗa wa malam gaban aji.

Alama ta biyu, suna kai hannu ga abin da su ke magana a kansa. Gani ya kori ji. Kullum a kan yi kukan rashin ɗakin gwaji da madubin ƙara girman abu, kukan kuwa gaskiya ne, ya kamata hukuma ta ji shi. Amma kafin a kawo, ai ƙasar nan tamu duk ɗakin gwaji ce. Ɗan manomi ya san ubansa ya kan shuka wake tsakanin gero. Ya tuge tushe guda ya nuna wa ɗan birni 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, shi kuma ɗan birni ya karanta masa cewa cikinsu ƙwayoyin bakteriya su ke zaune, masu kama iskar naitirojin su mai da ita taki. Kowa ya ba da, kowa ya samu. In an zo darasin tsiron da ke rayuwa bisa wani, ga kauci nan bisa itace, ga wuta-wuta a gonar dawa, wadda ke manne wa saiwa tana tsotse abincin dawar tun ba ta fito fili ba. In an zo rayuwar sauro, a ɗebo ruwan tsohuwar tukunya a zuba a kwalba a rufe da ƙyalle, a riƙa dubawa kullum har 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil su rikiɗa su yi fiffike. Wanda ya ga wannan da idonsa, in an gaya masa Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin cikin sauro a ƙasar Hindu a 1897, ba zai ɗauke shi tatsuniya ba, ba kuwa zai bar ruwa kwance a bayan ɗakin uwarsa ba.

Ga kuma madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 bisa gulbin Sakkwato, da hanyoyin ruwanta da ke shayar da gonakin shinkafa. Albarka ce babba. Amma duk inda ruwa ya ke tafiya a hankali cikin ciyayi, nan 'yan katantanwar ruwa su ke son zama, waɗansunsu kuwa su ne masaukin tsutsar tsargiya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. Ƙwanta ya kan fita cikin fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, ya girma cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Waɗansu yara suna ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce, ba su kuwa faɗa wa babba. Tsaransu su ke faɗa wa. In tsaran nan ya gane darasin, shi zai ce masa, "Wannan ciwo ne, yana da magani a asibiti, tashi mu je." Ka ga karatu ya fita daga littafi ya shiga jiki.

Alama ta uku, mai bayani ya kan mai da tambaya ga wanda ya ke koya wa, ba ya barinsa da gyaɗa kai. Misali darasin gado, wanda asalinsa gwajin da Gregor Mendel ya yi da wani irin wake ne, ya bayyana shi a 1866. An koya wa yara cewa in miji mai AS ya auri mace mai AS, akwai kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS, watau mai amosanin jini. Da yawa su kan fahimta cewa in an haifi huɗu ɗaya ne kaɗai zai kamu, in ya riga ya zo sauran sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki da nasa rabo, daga fari a ke sake lissafi. Yara biyu su sami ƙoƙo biyu, kowanne a zuba farin wake ashirin da ja ashirin, fari A ja S. Su rufe ido kowa ya zaro ɗaya, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a sake, har sau arba'in. Za su ga wani lokaci ja da ja sun fito sau biyu a jere, wani lokaci a daɗe ba su fito ba, amma in an tara lissafi ya kan kusanci ɗaya cikin huɗu. Sa'an nan mai bayani ya ce, "To, kai gaya mini, in AA ya auri AS fa?" In ya amsa da kansa, ya samu. Wannan sani kuwa wata rana shi zai sa ya je a auna jininsa kafin a kai kayan aure.

Na san abin da masu ƙin maganar nan za su ce. Za su ce makaho ba ya jan makaho, yaro zai koya wa yaro kure. Gaskiya ne yana yiwuwa, shi ya sa na ce malam na allo ba ya tashi daga kan buzunsa. Malami ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace kada ta wuce biyar ko shida, ya gauraya masu ƙarfi da raunana, kada ya bar abokai su zaɓi juna. Ya fara zama da shugabannin ƙungiya ya ji bayaninsu, in da kure ya gyara tun ba a kai wa sauran ba. Duk tambayar da ta gagare su su rubuta su kawo masa. Ranar da za a amsa a aji kuwa, kada ya kira shugaba, ya kira wanda ya fi rauni, da amsarsa za a auna ƙungiyar. Da an yi haka sau biyu, ba da aron littafi ya daina amfani, dole a zauna a fahimtar da shi.

Za su kuma ce a ɓata wa mai ƙoƙari lokacinsa. Wannan kam ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji a lokacin gwajin koyarwa ya sani, ba ka sanin inda iliminka ya ke da rami sai yaro ya jefo maka tambayar da ba ka zata ba. Wanda ya bayyana zagayawar jini sau uku ga mutum uku, ya fi wanda ya karanta shi sau goma shi kaɗai riƙe shi. Ilmi ba hatsi ba ne da za a ce in an ɗiba rumbu ya ragu. Sai dai a kiyaye abu guda, kada shugabanci ya dawwama hannun yaro ɗaya har ya fara ɗaga kai. A riƙa juyawa, wanda ya iya zane ya ja gaba ranar zane, wanda ya san gona ya ja gaba ranar tsire-tsire.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an tura ɗayanmu Jangebe, ko Mafara, ko Bakura, ko Maradun, kada ya jira sai an kawo masa kayan aiki daga Gusau kafin ya fara. Makon farko ya bincika ya san su wa suka rasa wane darasi, su wa kuma suka same shi, ya haɗa su. Ya gaya musu a fili cewa miƙa amsa cuta ce, biya karatu kuwa zumunci ne. Ina kuma roƙon malamanmu na wannan kwaleji su sa mu fara gwada hanyar nan a tsakaninmu tun muna nan, gama abin da mutum bai taɓa yi ba, ba ya iya sa yara su yi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare yaranmu a makarantunsu, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.