Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Ranka ya daɗe, na rubuto ne kan yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya: waɗanda wuyansu ya ƙi tsayawa, aka shekara ba su zauna ba, jikinsu ya sandare ko ya saki. Kai likita ne, ka fi ni sanin sanadin abin a ƙasarmu: doguwar naƙuda har jariri ya faɗo bai yi kuka ba, shawara mai tsanani da aka bari ta kwana biyu a gida, sanƙarau, haihuwar bakwaini. A duniya ana lissafin yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000. Raunin ba ya warkewa, ba ya kuma ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙanƙancewar tsoka da karkacewar gaɓoɓi idan aka bar yaro a kwance, kuma nan ne aikin likitan fisiyo yake.

Yanzu iyaye sun fara jin labarin gashi a cikin ruwa, suna ganin hotunansa a waya, suna tambaya ina ake yi. Abu ne na gaske. Idan ruwa ya kai wa mutum wuya, yana ɗauke masa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa, don haka yaron da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa a ƙasa yakan iya miƙewa, ya jefa ƙafa, ya faɗi bai ji ciwo ba. Ɗumin ruwan, digiri 32 zuwa 34, yana sassauta tsokar da ta ƙage, turjiyar ruwan kuma tana ƙara mata ƙarfi. Tun 1949 James McMillan ya tsara hanyar Halliwick ta atisaye a ruwa a Landan, har yau ana aiki da ita. Ga shi kuma yaro yana ɗaukar abin wasa ne, alhali a kan tabarmar asibiti sau da yawa kuka ake sha.

Amma ranka ya daɗe, yaro ba a ruwa yake rayuwa ba. A tsakar gida zai zauna ya ci tuwo, a ƙasa zai taka zuwa makarantar allo. Abin da aka koya a ruwa sai an maimaita shi a tudu kafin ya zauna. Atisayen juyi, zama, rarrafe, tsayuwa da riƙe cokali, kullum a gida, shi ne tushe, kuma shi ne masana suka fi samun hujja a kansa. Kayansa ba su da tsada: kujerar kusurwa da kafinta zai haɗa, katakon tsayuwa, takalmin da ke riƙe dunduniya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai koyarwa. Sashen fisiyo yana manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya. Uwar da ke ƙauye sai ta goyo ɗan shekara bakwai, ta biya mota zuwa da dawowa, ta bar sauran yara da sana'arta. Ta yi wata biyu ta gaji, a ce ta yi sakaci.

Shi ya sa nake tsoron kada a ji wannan magana a gina katafaren tafki ɗaya a Abuja, a yanke ƙyalle, a tafi. Tafkin gashi yana cin wuta da magani da ma'aikata. Ruwan da ya huce yana ƙara sandarar da yaro, wanda ba a tace ba kuma cuta ne. Yaro mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, ko mai shaƙewa wajen haɗiya, sai an tantance shi kafin ya shiga. A fara da ɗaukar likitocin fisiyo, waɗanda Jami'ar Bayero da takwarorinta ke yayewa, a kai su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, su riƙa zagaya ƙananan asibitoci suna koya wa iyaye mata da jami'an lafiya na unguwa. Daga nan a yi ƙaramin tafki a kowane asibitin koyarwa na Tarayya, mai ɗumama ruwa da hasken rana, da kuɗin kula da shi a rubuce cikin kasafi. A tanadi ma'aikata mata da ranakun mata, domin uwa ce za ta shiga ruwan da ɗanta, kuma ba za ta shiga a gaban maza ba.

Sai an haɗa da wayar da kai. Har yanzu akwai gidajen da ake kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, ana raɗa wa uwarsa a kai shi bakin kogi. Idan ba a sa malamai da ungozoma da gidajen rediyo a ciki ba, wasu za su juya maganar likita ta sa yaro a ruwa ta zama shaidar camfinsu.

Doka tana hannunka. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun marasa ƙarfi, kuma a watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince a shigar da aikin farfaɗo da masu lalura cikin tsarin lafiyar ƙasashe. Roƙona shi ne a sa gashin waɗannan yara, na ƙasa da na ruwa, da kujerunsu da takalmansu, cikin abin da asusun zai biya. Ranar 6 ga Oktoba ce ranar masu wannan lalura ta duniya. Ina roƙon kafin ta zagayo ka sanar da yawan likitocin fisiyo da za a ɗauka da asibitocin da za a tura su.

Allah ya yi maka jagora.

Daga wani ɗan ƙasa a Kano.